Gindin Gato

Ana gobe sunan ɗan Gwaggo, a Tabotaki, Inna ta gasa gato, wato kek, na baƙi. Yashi ta zuba cikin tukunya, ta aza kwanon ƙullu bisa, ta rufe, ta jera garwashi kan marfi. Ƙamshin ƙwai da sukari ya cika gida, daga baya ƙauri ya biyo shi. Gindin ya ƙone.

Ta sa wuƙa ta yanke baƙin, ta kai baki. Ina tsugune kusa da ita.

"Inna, ba ɗaci?"

"Ni shi nika so, ɗiyata."

Da la'asar matan da sunka zo taya aiki sunka zauna ɗanɗanawa. Gwaggo ta yanko tsakiya, mai laushi, ta miƙa ma Inna.

"Amshi, uwar aiki. Tun hantsi kina gaban wuta."

Na yi wuf na karɓe, na sa mata ragowar ƙonannen a hannu.

"Gwaggo, ba ki san ta ba. Wannan taka so."

Mata sunka yi ta dariya. Inna ta dubi abin da ke hannuna, ta dube ni, ta ce, "Ci abinki." Ta tamne nata a hankali.

Sai da na haihu na gane wannan kallo. Yanzu na iya gato, ba ya ƙone mini, duk bikin unguwa ni aka nema. Amma likita ya hana Inna sukari. In na kai mata, shinshinawa taka yi, ta miƙa ma ɗiyata.