Murfin Kwanon Miya

"Anya tukunya ɗaya kuke ci?" Likita Onodera ta tambaye mu, tana duba sakamakon gwajin gashinmu. Gubar zaiba da ke jikin mijina Tokuji ta ninka ta sauran masuntan garinmu. Nawa gashin kuwa fes, kamar ban taɓa ganin teku ba.

Na sunkuyar da kai. Ni 'yar kan tudu ce, ƙarnin kifi tayar min da zuciya yake yi. A gidan masunta kuwa, matar da ta bar kamun mijinta a faranti ta ci mutuncinsa, ga idon Inna, surukata, a kaina. Shekara ashirin da bakwai ina tura rabona na kifin tuna cikin kwanon miya in rufe. Tokuji ke kwashe kwanuka, har abokansa na tsokanarsa.

Likita ta hana shi manyan kifaye irin su tuna, masu tara gubar, ta ce mu dawo bayan wata uku. A waje ya kasa saka maɓallin rigarsa don rawar yatsu. Na saka masa.

"Baban Chiyo," na ce, "kifin da nake rufewa, na ɗauka kyanwar maƙwabta kake ba."

"Kyanwar ta mutu tun Chiyo 'yarmu na goye. Inna kuma tana bincika shara, sai in cinye a tsaye."

"Amma Inna ta shekara goma da rasuwa."

"Kifin da na kamo ba na iya zubarwa," ya ce. "Ke kuma ba ki daina rufe kwanon ba."