Kujerar Gwaggo

"Wa zai shiga akwatin takubba?" in ji Yaya mai dabo, yana raba ido kamar da gaske baƙo yake nema.

Alhali ya san wadda zai nuna. Tun zamanin mahaifinsu, a wannan gidan wasan dabo da barkwanci, Gwaggo ce ke zama a ƙarshen layin gaba, da takunkumin fuska da baƙin tabarau don kada a gane ta. Aikinta ta yi ta turjiya da ihu a sha dariya, da an rufe akwati ta sulale ta ɓoyayyiyar ƙofar da ke ƙasa.

Ya nuna ta. Ta girgiza kai. Auta, ƙanensa mai barkwanci, ya jawo ta yana tsokana: "Haba Hajiya, mu da ko kaza ba mu taɓa kashewa ba!"

"Don Allah ku sake ni, kallo kawai na zo!"

Zauren ya kece da dariya. Yaya ya ce a ransa, yau tsohuwa ta ƙure gwaninta, har murya ta sauya. Suka tura ta cikin akwatin, ya danna kwaɗo.

Takobin farko ya ɗan cije, ya sa masa ƙarfi. Ihu ya tashi, tafi ya danne shi. Ya soka na biyu, ya soka na uku. Sai tsit.

A lokacin ne ƙofar shigowa ta buɗe. Gwaggo ce, tana haki, takunkuminta a hannu. Ta dubi kujerarta, ta dubi akwatin, ta dubi Yaya.

'Yan kallo kuwa sun miƙe suna buga ƙafa: "A buɗe! A buɗe!"