Surar Malam Barau a Taga

Tun da zafi ya tsananta, doka ta sa a liƙa wa kowace taga a Gumel wani siririn gilashi mai yin baƙi idan rana ta daɗe tana dukansa. Tagar Hansatu ta yi baƙi ƙirin, ban da inda mijinta, Malam Barau, ya saba jingina daga waje. Nan surarsa ta fito fes, har da hula.

Bayan rasuwarsa, ƙaninta ya zo gaisuwa, ya tarar ta lulluɓe tagar da zane.

"Yaya, yaye mana mu gan shi."

Ta riƙe masa hannu.

"Bari, Gambo. Yanzu babu mai tare ranar. Jiya na ɗan leƙa, kafaɗa ɗaya ta riga ta tafi."