Makullin da Aka Zana a Kan Ruwa

Tun da ka ce aike yana isar wa mutum zuwa, bari in buga maka misali, ka auna da kanka.

An yi wani mutum da ya bar ƙauyensu tun gemu bai tsiro masa ba, ya tafi neman abinci can bakin teku, Allah kuwa ya buɗa masa. A ganinsa bai yanke zumunci ba. Kowace salla yakan aika wa mahaifinsa riga da hula, wata shekara har ya haɗa da kwamfutar hannu, irin wadda ake sarrafawa da shafar yatsa a kan gilashi. Sai dai ƙafarsa ba ta taɓa bin aiken ba. Da hukuma ta zo gina madatsar ruwa, aka ce mutanen kwarin su kwashe su koma kan tudu, tsohon ya aika masa ya zo ya yi wa gidan kallon ƙarshe. Ya ce sai aiki ya yi sauƙi. Kafin aiki ya yi sauƙi, ruwa ya shanye gari.

Tsohon bai san haruffan boko ba, saboda haka 'yarsa, wadda ta zauna tare da shi, ta sa aka shirya masa makulli na hoto. Ka'idarsa ita ce mutum ya zaɓi hoto, ya yi zane uku a kansa; duk sa'ad da ya maimaita su a gurbinsu, na'urar ta buɗe. Bai zaɓi fuskar jika ba. Hoton tafkin ya zaɓa, wanda aka ɗauka daga kan tudun: ruwa shimfiɗe, dutse ta gabas, da kan wata giginya da ta ƙi nutsewa. Kullum bayan sallar asuba sai ya ja layi daga inda mashaya take zuwa ƙofar zaurensa, ya kewaye rumbu, ya ɗora yatsa inda aka binne uwar 'ya'yansa. In ta buɗe, sai ya zauna yana naɗar muryarsa a ciki.

Ran da ɗan ya iso, tsohon ya rasu, har an riga an share makoki. Ƙanwar ta miƙa masa na'urar da hannu biyu, ta ce, "Yaya, Baba ya bar maka magana a ciki. Makullin hanyar gida ne: daga mashaya zuwa zaure, sai rumbu, sai wurin Inna."

Ya karɓa har da ɗan murmushi, don wa zai ɓata a gidan ubansa? Ya keɓe a inuwa, ya lumshe ido, gidan ya zo masa sarai: ƙanshin daddawa daga madafa, turmin da ya tsage aka ɗaure shi da fata, ramin da kaji suka tona a gindin rumbu. Ya buɗe ido, sai ruwa. Giginyar nan, bayan gida take ko bakin mashaya? Ya ja layi, ya kewaya, ya ɗiga. Na'urar ta ƙi. Ya matsa yamma, ta ƙi. Ya yi ta yi har ta ce ya dakata. Ya tashi ya hau ƙololuwar tudun, ya ɗaga hoton daidai da tafkin yana gwadawa, ko wani abu zai yi masa alama. Ruwa bai ce masa komai ba. A nan ya gane abin da ya rasa. Shi gidan yarinta ya sani, daga ciki. Tsohon da 'yarsa kuwa a kan wannan tudu suka tsaya suna kallon ruwa yana hawa, ya ci mashaya, ya shiga zaure, ya rufe kabari, har jinkar rumbu ta nutse daga ƙarshe. Abin da ido ya raka har ƙasa ba ya ɓace wa yatsa.

Ya sauko, ya durƙusa gaban wadda ya bari tana goye a bayan uwarsu, ya ce, "Ƙanwata, nuna mini gidanmu."

Ba ta yi masa gori ba. Ta kama yatsansa kamar mai koya wa yaro rubutu, ta bi da shi. Da suka kai ƙofar zaure, ya ji ta yi sallama a hankali. Na'urar ta buɗe, muryar tsohon ta fito, tana kiransa da sunan da ba a ƙara kiransa da shi ba tun da ya bar gida. Babu faɗa, babu ƙorafi. Kwatancen hanya kawai yake yi masa, ɗaki bayan ɗaki, har ya ce, "In za ka shiga ka sunkuya. An ce ka yi tsawo, ƙofar kuwa gajera ce."

Mutumin ya koma bakin teku da na'urar. Ya haddace zanen nan uku har yatsansa ba ya kuskure, kullum da safe tana buɗe masa, kullum yana jin muryar. Sau da yawa in ya kai inda ƙanwar ta yi sallama yakan tsaya, ya ɗan sunkuyar da kai, yana jira ko ƙofa za ta bayyana. Amma ƙarƙashin yatsansa gilashi ne mai sanyi, ƙarƙashin gilashin kuma ruwa.

Shi ya sa magabata suka ce, kowa ya bar gida, gida ya bar shi.