Murfin Rijiyar Durba

Kwana na biyu ke nan Shitu yana ba kankaren murfin rijiyar ruwa, sai ya sake jin bugun daga ƙasa. Ƙwas, ƙwas, ƙwas. Bokitin ya suɓuce daga hannunsa.

Tsohuwar rijiya ce a Durba, mai zurfin gaba goma sha biyu, ta daɗe da ƙafewa. Da sabon kansila ya kawo burtsatse, Mai unguwa Ramalan ya ce a rufe ta kafin ta ci akuyar wani. Shitu aka kira daga Rano, don a zuba kankare ba shi da na biyu.

Maigidan da ya koya masa sana'a ya kafa masa doka ɗaya: kada ya rufe rami sai ya leƙa ya yi sallama sau uku, ya zura fitila har ƙasa. Shitu bai taɓa tambayar dalili ba. Kowa ai ya san su wa ke zama a tsohuwar rijiya.

To amma shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a ce. Ranar zubi samari sun kewaye shi da sababbin huluna, kowa malami. Yana ɗauko fitila wani ya ce, "Malam Shitu, wa za ka haska wa? Wannan ai shirka ce." Kunya ta kama shi. Dama ransa a ɓace yake, don wansa Hammadu, bebe ne mai taya shi kwaɓi, ya riga shi fitowa daga gida amma bai iso wurin aiki ba. Ya mayar da fitila cikin buhu, ya jera katako, ya ɗaura rodi, aka zuba. Kafin azahar an shafe.

Da la'asar bugun ya fara.

Tsoro ya shige shi har ƙashi. Ya toshe wa mutanen ɓoye ƙofa ba sallama, ga shi suna nemansa. Ya fasa murfin? Su fito su same shi tsaye da guduma? Ya faɗa wa jama'a? A ce mai kankaren Rano ya koma bori? Ya ja bakinsa ya yi gum.

Kankare kuwa ba ruwansa da tsoron mutum, sai an shayar da shi safe da yamma. Haka Shitu ke zuwa, yana watsa ruwa daga nesa yana karanta Ayatul Kursiyyu. Da sun ji motsinsa sai bugun ya ƙaru. A gida tuwo ya ƙi shiga. Matarsa Ramlatu ta ce kwanon Yaya Hammadu ma haka yake dawowa a rufe, Shitu ya ce ta ƙyale shi, yawon kasuwanninsa ne ya motsa.

Rana ta uku bugun ya yi rauni. Rana ta huɗu, shiru. Shitu ya kasa kunne har sau biyu, sannan ya yi hamdala, addu'a ta ci. Har sadakar ƙosai ya yi.

Yana haɗa kayansa Mai unguwa ya iso, ya ƙwanƙwasa murfin da sanda, ya yaba.

"Aiki ya yi kyau, Malam Shitu. Af, in ka je gida ka tuna wa Hammadu. Ranar zubi da sassafe na sa shi ya sauka ya ɗauko min tsohon gugana kafin ku rufe, har yau bai kawo min ba."