Motar Oga Ta Sake Mutuwa

Motar ta sake mutuwa a tsakiyar cunkoson unguwar Dokki a birnin Alƙahira. Jesse, direban ofishin jakadanci, ya yi ta ƙoƙarin tayar da ita. Tun da aka sa mata na'urar tayarwa da kashewa daga nesa take wannan tsiyar, masu wayarin sun duba har sun gaji.

"Ranka ya daɗe, a taimaka kar a kore ni, 'ya'yana na makaranta a nan," in ji Jesse.

"Khalas, ya isa! Gobe ka tattara ka koma gida," in ji ubangidansa Alhaji Abdussalam daga kujerar baya.

Alhaji ya karkata zai zaro waya ya kira ofis, sai injin ya tashi. Abin da ya zaro daga aljihun wandonsa rimot ɗin motar ne.

Ya daɗe yana kallon rimot ɗin.

"Jesse, wai dama a kansa nake zaune?"