Falken Goro da Furen Kariya

Ka ce ka ji a rediyo wai furannin da ake shukawa don ado suna da magani, har kana shirin zagaya gidanka da wuƙa. Ba su yi ƙarya ba. Masu bincike sun ce a cikin launin wasu furanni akwai sinadaran da ke kare jiki daga lalacewa, kamar yadda mai ke hana ƙarfe tsatsa. Amma ajiye wuƙar tukuna, in ba ka misali.

An yi wani falken goro da ya tsufa ya zauna a gida. Rayuwarsa duk a kan huhun goro ta ƙare, kuma abin da sana'ar ta koya masa ɗaya ne: abin da aka ɗora a sama na rufe ido ne, gaskiyar kaya tana ƙasa. Ya bar kasuwa amma halin bai bar shi ba. Ko gaisuwa aka yi masa sai ya juya ta ya duba bayanta. Matarsa mai son shuke-shuke ce, ta jera fulawoyi a jikin katanga, ciki har da wata ja mai kama da furen kuɓewa, da kuma kariya mai ƙaton gindi, wadda ke zuba fure ko a tsakiyar rani. Da hawan jini ya kama shi, likita ya ɗora shi a kan ƙwaya, ya ce in ya yi wasa wata rana zai faɗi. Sai wata tsohuwa mai magani, maƙwabciyarsu, ta tausaya masa. Takan shigo da hantsi ta tsinki jan furen nan, ta shanya a inuwa, ta daka, ta kawo masa garin ya riƙa jiƙawa yana sha, ta kuma ja masa kunne kada ya bar ƙwayar likita. Kariya kuwa ko kusa da ita ba ta zuwa, har zanenta take tattarewa in za ta gifta. Rannan ta ga yana ƙare wa kariyar kallo, sai ta ce, "Malam, waccan ta ido ce, ba ta ciki ba. Kada ka kuskura."

Wannan magana ita ta hana falke sukuni. Ya ce a ransa, to me ya sa ta yi saurin hana ni abin da ban tambaya ba? Ga shi jiƙon da take ba shi ɗan tsami-tsami ne mai daɗin sha, shi kuwa tun yana yaro ya san magani sai da ɗaci. Ga shi kuma a dake take kawowa, yadda masu magani ke yi don kada a gane sirrinsu. Ai shi ke nan, an sa masa na banza a sama, an danne na gaske a ƙasa. Ya dawo da tabarmarsa gindin katanga yana gadi. In ya ga furen kariya ya ragu sai ya kaɗa kai, ya ce tsohuwa ta zagayo ta bayan idonsa, alhali iska ce ta kakkaɓe, matarsa ta share. Da matar ta ce masa haka, ita ma ya sa ta a layin waɗanda aka haɗa baki da su. Abin haushi, jikinsa ya fara sauƙi a lokacin, kansa ya daina sarawa, amma ko wannan sai ya ce somin-taɓi ne ake ba shi don kada ya farga.

Ranar da matar ta tafi gidan suna, ya tsinko furen kariya, ya haɗa da sassaƙen jikinta, ya tafasa a bayan ɗaki. Ya kurɓa ya ji ɗaci har ƙwaƙwalwa, ya yi murmushi, ya ce yau ya kama su. Ya shanye, ya kife tukunyar a ƙarƙashin tarkace don kada a gani. Kafin la'asar amai ya turnuƙe shi, gumi ya jiƙa riga, zuciyarsa tana bugawa tana tsayawa. A asibiti aka yi ta tambayar me ya ci, me ya sha, babu mai amsa, don shi bakinsa ya mutu, kuma bai bar wa kowa labari ba. Sai da matar ta koma gida ɗauko kaya ta ga saran wuƙa a jikin kariya, sannan aka san inda aka dosa. Ya rayu, da kwanansa a gaba. Amma zuciyar ba ta koma daidai ba. Mutumin da yake takawa masallaci da ƙafarsa, yanzu daga ɗaki zuwa zaure sai an riƙe shi, sai an tsaya ya huta. Jama'a suka yi ta shigowa suna sannu, Allah ya sawwaƙe, tsohuwar ma ta zo ta durƙusa ta yi nata tana hawaye. Shi dai ya juya fuska bango don kunya.

Shi ya sa Bahaushe ya ce, wanda bai ji bari ba, ya ji hoho.